Zagaye Huɗu Kafin Asabar

Wata huɗu Salome Kwaji ta yi tana shirin gudun kilomita goma da za a yi a Yola ranar Asabar, ɗaya ga Nuwamba, 2014. Shekarunta ashirin da biyu, tana taya mahaifiyarta Margret suyar ƙosai a unguwar Lamorde, kuma duk Mubi babu macen da ke shan gabanta a dogon gudu. Mai horar da ita shi ne Malam Ishiyaku, tsohon malamin motsa jiki da ya yi gudu a ƙuruciyarsa kafin gwiwa ta kayar da shi. Yanzu da sanda yake tafiya.

A filin ƙwallon wata sakandare suke atisaye, inda Malam ya zana zagayen mita ɗari huɗu da toka. Tun Satumba azuzuwan makarantar suka cika da mutanen Michika da suka gudo daga hannun 'yan Boko Haram. Matansu kan zauna a baranda suna kallonta.

Saura mako biyu gasar, Malam ya fara rage mata aiki. Da, zagaye goma sha shida take yi, kowanne cikin sakan tamanin da biyu, da hutun minti ɗaya a tsakani. Ya mai da su goma. Ranar Litinin ta makon ƙarshe, tana gama na shida ya busa usur.

"Koci, wannan ai wasa ne," in ji ta. "Ko gumin kirki ban yi ba."

"Haka nake so, 'yata. Saurin yana nan, yawan muka rage. Abin da ƙafa ba ta samu a wata huɗu ba, ba za ta samu a kwana biyar ba. Sai dai ki ɓata wanda kika tara."

Hutun ya fi atisayen yi mata wuya. Jikinta ya riƙa ƙaiƙayi, ta kasa zama wuri guda, kowane ɗan ciwo a idon sawu sai ya zame mata abin tsoro. Ga gari ya cika da jita-jita. Wasu sun ce 'yan Boko Haram sun iso garin Uba, wasu sun ce soja sun kore su. Mahaifinta Ezekiya, kafinta ne a bakin kasuwa, ya ce ba inda za shi, tun bara ake cewa suna zuwa.

Ranar Laraba da safe za ta yi atisayen ƙarshe, zagaye huɗu kacal. Tana ɗaure kambas wata tsohuwa daga cikin 'yan Michika ta matso.

"Ke yarinya, wa ke korarki kullum?"

"Gasa zan je, Mama."

Tsohuwar ta jinjina kai. "Mu ma mun yi gudu. Ba wanda ya riƙe mana agogo."

Zagayen farko ya tafi a tamanin da ɗaya, na biyu a tamanin. Salome ta ji ƙafafunta sakayau kamar ba nata ba, sai yanzu ta gane abin da Malam ke nufi. Tana tsakiyar na uku ƙara ta tashi daga wajen Mararraba, mai nauyi, har ta ji ta a ƙirji. Wata ta biyo baya. Kafin ta kai layi, matan Michika sun riga sun goya 'ya'yansu. Su ba su tsaya tambayar kowa ba.

"Je ki ɗauki mamanki," in ji Malam. "Kada ki bi titi. Ku hau dutse."

"Kai fa, Koci?"

"Matata Saude na gida, gidan ba nisa. Tafi mana!"

Ta bi lunguna ta isa Lamorde cikin minti goma sha biyar. Ta tarar da mai yana ƙonewa a kasko, Margret tsaye da waya a hannu. Layin Ezekiya ba ya shiga.

"Ba na tafiya ba babanku," in ji Margret.

Salome ta juya ta nufi kasuwa a guje. Ba ta kai rabi ba ta haɗu da jama'a suna kwararowa, wasu ba takalmi, wani da jini har gwiwa. Maƙwabcinsu Levi ya cafke hannunta.

"Ina za ki? Sun shiga kasuwa. Suna tsayar da maza a gada."

"Ka ga Baba?"

"Na gan shi yana rufe shago. Daga nan ban sani ba."

Ta tsaya a tsakiyar hanya mutane suna bangazarta. Harbi ya matso, har tana jin kabbarar masu yinsa. Ta koma gida.

Ƙarya ta yi wa mahaifiyarta. Ta ce Levi ya ga Baba ya hau mota mai zuwa Maiha. Da haka Margret ta yarda ta ɗauki zane ɗaya suka fita.

Kwana huɗu suka yi a duwatsu da gonakin dawa. Margret tana da hawan jini, ƙafafunta suka kumbura tun ranar farko, sai Salome ta riƙa goya ta, ta sauke, ta sake goyawa. Sun sha ruwan rafi mai laka, sun ci ɗanyar gyaɗa daga gonar da ba su san mai ita ba. Sun wuce wani dattijo da 'ya'yansa suka jingine a gindin tsamiya, an rufe masa fuska da hula. A kowane ƙauye Margret sai ta tambayi mutane ko sun ga wani kafinta dogo mai furfura. Ranar Lahadi wata motar shanu ta kwashe su daga garin Belel.

A Yola aka ba su tabarma a harabar wani coci. Bayan mako biyu, a layin karɓar masara, Salome ta hango Saude, matar Malam Ishiyaku, da farin mayafin takaba.

Saude ta riƙe hannunta. "Ya kai ni har bakin mota. Wuri ɗaya ya rage, ya tura ni ciki, ya ce zai biyo ta baya. Babu ta baya. Wani maƙwabcinmu ne ya binne shi bayan kwana huɗu."

Salome ta zauna a ƙasa, layi ya riƙa kewaye ta.

A ranar ta gaya wa mahaifiyarta gaskiya, cewa babu wata motar Maiha. Margret ta daɗe tana kallonta.

"Na sani tun a dutse," in ji ta. "Babanku ba ya hawa mota ya bar ni."

Sun koma Mubi cikin Disamba, bayan soja sun karɓe garin. Shagon Ezekiya ya ƙone, sai zarto da guduma a cikin toka. Sun je asibiti, sun je bariki, sun bi ƙauyukan bakin iyaka da hotonsa na ranar aure. Da shekara ta zagayo fasto ya zo gida ya kawo maganar addu'ar rasuwa. Margret ta ba shi ruwa ya sha, ta ce a ƙara jira.