Kantar da Ta Fi Ƙarfin Ƙofa

Ranar da aka kira Auta a waya aka ce ta samu aikin, ba ta iya cewa komai ba sai "to, to, na gode," har mai kiran ya gaji ya kashe. Aikin duba kurakurai ne a wani kamfanin buga littattafai: a ba ta shafuka kafin su shiga inji, ta bi su layi-layi da jan biro. Ga yarinyar da tun tana ƙarama in an aike ta sayen gishiri sai ta tsaya a hanya tana karanta takardar da aka ƙunso shi a ciki, ai an ba ta abin da take so. Matsalar ɗaya ce. Kamfanin yana can ɗaya gefen garin, nesa ƙwarai da gida, kuma ran Litinin ake so ta fara. Dole a nemi ɗaki.

Babanta kafinta ne. Tun tana firamare ya shigo ɗakinta da katako biyu da guduma ya haɗa mata 'yar kantar littattafai, hawa ɗaya, daidai ƙugunta. Da littattafan suka cika ta, ya ƙara hawa. Da ta shiga sakandare ya ƙara faɗi. Haka aka yi ta yi, tana girma kantar na girma, har lokacin da ta gama kwaleji kantar ta cinye bango guda, ta kusa taɓa silin. Ba kalarta ɗaya ba, don kowane hawa da ragowar katakon aikin da Baba ya samu a shekarar aka yi shi. Inna takan ce wannan kantar ita ce babbar 'yar gidan, Auta ƙanwarta ce.

Da safen da za su fita neman ɗaki, Baba ya shiga ya auna kantar da wata farar igiya. Ya yi ƙulli a inda faɗinta ya tsaya, ya yi wani a inda tsayinta ya ƙare, ya naɗe igiyar ya sa a aljihu.

"Duk inda za ki zauna, da ita za ki zauna," in ji shi. "Ba zan bari littattafanki su kwana a kwali ba, ɓeraye su yi karatu da su."

"To, Baba."

Dillalin da suka samu mutum ne mai baki, wanda ko ɗakin kaji zai nuna maka sai ya ce iska na shiga ta ko'ina. Ya fara kai su wani gida a layin da ke bayan kamfanin. Gidan wata tsohuwa ne da 'ya'yanta suka watse, take ba mata zalla hayar ɗakunan sama. Matakalar siririya ce, tana da kwana a tsakiya. Ɗakin ƙarami, amma da Auta ta buɗe taga sai ta hango rufin kamfanin, har tana jin gurnanin inji ƙasa-ƙasa, ga ƙamshin tawada da sabuwar takarda yana zuwa da iska. Akwai famfo a bakin ƙofa. Akwai ƙusa a bango inda wata ta taɓa rataye madubi. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta ji zuciyarta ta kwanta kamar an sauke mata kaya.

Ba kyan ɗakin ne kawai ya kama ta ba. Auta irin mutanen nan ce da in motar haya ta iso wurin saukarta, sai ta ce "akwai mai sauka" can cikin maƙogwaro, kwandasta bai ji ba, ita kuma ta kasa maimaitawa, har a wuce da ita ta dawo a ƙafa. Duk zamanta a kwaleji haka ta sha latti. Daga wannan ɗakin kuwa, ba mota, ba kwandasta, ƙafarta za ta kai ta aiki kafin shayi ya huce.

Baba ya zaro igiya. Ya ɗora ta a jikin ƙofar daga ƙasa zuwa sama. Ƙofar ba ta kai ko ƙullin farko ba. Ya sauka ya auna kwanar matakala, ya girgiza kai.

"Ba za ta shiga ba."

"Mece ce ba za ta shiga ba?" in ji tsohuwar, tana riƙe da ƙarfen matakala. "Yarinyar? Ai ga ta a ciki."

"Kantarta, Mama."

"Au, kanta za ka kama wa haya?" Ta dubi Auta sama da ƙasa, ta ga yadda take murza bakin mayafinta. "Ke 'yata, ya yi miki ko bai yi ba?"

Auta ta buɗe baki, ta ga Baba yana naɗe igiyarsa a yatsu a hankali, sai maganar ta koma ciki. "Yana da kyau," kawai ta ce.

"To zan riƙe miki shi zuwa Lahadi. Bayan nan kada ku ga laifina, masu so suna da yawa."

Daga nan suka yi ta yawo. Duk ƙofar da suka je, igiya ce take fara sallama. Wani ɗakin ƙofarsa gajera, wani lungunsa matsattse, wani silin ɗinsa ya yi ƙasa. Dillali ya fara share gumi da hularsa.

"Malam, na kai amare ɗaki, na kai masu injin ɗinki, na kai mai firji biyu. Yau ne na fara ganin wanda igiya ke zaɓa wa gida."

A ƙarshe ya kai su wani ɗaki a ƙasa, wanda a da shago ne aka mayar da shi wurin kwana, ƙofarsa ta ƙarfe ce mai ganye biyu, doguwa har saman bango. Baba ya ɗora igiya, ƙulli na farko ya wuce, na biyu ma ya wuce da sauran wuri. Fuskarsa ta washe. Ɗakin ba laifi, maƙwabtan ma mutanen kirki ne, mata da yara a tsakar gida. Sai dai daga nan zuwa kamfanin mota biyu ce, kuma ta biyun a tsakiyar kasuwa ake hawanta.

"Kin ga wuri, Uwata," in ji Baba. Haka yake kiranta in ransa ya yi fari. "Ran Asabar mu kawo kaya, mu ƙarasa magana da mai gida."

"To, Baba."

A gida Inna ta kalle ta sau ɗaya ta gane. Ta same ta tana sauke littattafai daga kantar tana jerawa a kwali, tana share kowanne da gefen zane.

"Wannan fuskar ta wadda ta samu ɗaki ce ko ta wadda aka kora?"

"Gajiya ce, Inna."

"Gajiya. In kina da magana ki faɗa wa ubanki, ba ya cizo."

Ai ta san ba ya cizo. Abin da ta kasa shi ne ta dubi mutumin da ya yi shekaru yana shigowa da yamma da dusar katako a gemu, yana tambayarta "an samu sabon baƙo?" yana nufin littafi, ta ce masa kusa da aiki ya fi mata aikin hannunsa. Ta yi ta jera maganar a zuci, ta gyara, ta sake gyarawa, kamar shafin da ya ƙi yin daidai. In ta hango shi sai duk ta watse.

Ran Asabar da hantsi Yayanta ya zo da motar ɗaukar kaya ta wurin aikinsu. Shi ne babba, kuma shi ne ya laƙaba mata Tabarau tun ranar da aka yanka mata gilashi.

"Tabarau, yau za a rabu da ke, gida zai huta da shiru. Ina gawar kantar take?"

Shi da Baba suka cicciɓi kantar, suka raba ta da bangon da ta jingina da shi shekara da shekaru. Bayanta fentin bangon sabo fil, ga wani fensir da Auta ta daɗe da manta ta yi kukan ɓatansa. Suka kwantar da ita a gefe, suka nufi ƙofa. Ta daki saman ƙofar ta tsaya. Suka ja baya, suka juya ta ɗaya gefen. Ta tsaya. Suka karkata ta, Yaya yana nishi yana cewa a ɗaga can, a sauke nan. Suka cire ganyen ƙofar gaba ɗaya suka jingine a waje. Kantar ta leƙa kai kaɗan, ta ƙi.

Baba ya sauke nasa gefen. Ya sa hannu a aljihu ya zaro igiyar, ya ɗora ta a jikin ƙofar ɗakin Auta. Ƙullin farko ya haye saman ƙofar da kusan tafin hannu.

Sai a lokacin kowa ya tuna. A cikin ɗakin aka gina kantar, katako ɗai-ɗai ya shigo, ba ta taɓa bi ta ƙofar nan ba.

Inna ce ta fara. Tana tsaye da ludayi a hannu, kafaɗunta suka fara rawa, ta juya baya wai kada a gani, dariyar ta ƙwace mata.

"Malam, ka auna ƙofofin gari kaf, ka wahalar da bawan Allah dillali, ta gidanka ce ba ka auna ba?"

Yaya ya zame ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. "Baba, a fasa bango kawai. Ko mu bar Tabarau a nan, mu kai ƙofar da muka cire can ta yi aikin."

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya zauna a bakin gado yana kallon igiyar a tafinsa, kamar yau ya fara ganinta. Auta ta ga ya tsufa fiye da yadda ta sani. Ta kuma ga, a karon farko, cewa duk ƙofar da ya ce ta yi kaɗan, kwana ɗaya ya ƙara saya mata a gida, ko ya sani ko bai sani ba. Tausayinsa ya kama ta, kuma abin mamaki, tausayin ne ya buɗe mata baki. Ta durƙusa kusa da gwiwarsa.

"Baba." Muryar ta fito siririya. Ta gyara ta sake. "Baba, ɗakin saman nan nake so. Na bayan kamfani. Tun da na shiga shi nake so, na kasa faɗa."

Ya ɗago. "Me ya hana ki?"

"Kantar."

"Katako ne fa, Uwata."

"Ba katako ba ne."

Ya naɗe igiyar ya mayar aljihu. Sannan ya ce wa Yaya, "Kai sarkin dariya, tashi ka ɗauko min zarto."

Auta ta riƙe hannunsa. "Kada ka lalata ta saboda ni."

"Wa ya ce lalatawa? Ni na haɗa ta, na san inda kowace shekara ta tsaya." Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya bi jikin kantar da yatsa har ya iso inda farin katako ya haɗu da ja, ya ja layi. "Daga nan zuwa sama na kwaleji ne, naki ne, ki tafi da su. Na ƙasan nan, na labaran dila da su zomo, namu ne. In kina son ganinsu kin san hanya."

"Ka ji wayo," in ji Inna, tana goge ido. "Ya riƙe jingina."

Ƙarar zarto ta cika gidan. Auta ta riƙe masa gefe guda, dusar katako tana zuba a kan yatsun ƙafarta, ba ta kaɗe ba. Da hawa biyun saman suka rabu, Baba ya goge bakin yankan da samfefa har ya yi sumul, ya shafa da tafin hannu, ya sake gogewa. Suka fita ta ƙofar ba tare da sun taɓa ko'ina ba.

Tsohuwa mai gidan tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa a faranti lokacin da motar ta tsaya.

"Igiyar ta yarda ke nan?"

"Ta yarda, Mama," in ji Baba. "An yi mata magana."

A tsaye suka hau da kantar, suna juya ta a kwanar matakala, Yaya yana gunaguni cewa rabinta ma ya fi shi nauyi. Ta zauna a ƙarƙashin taga kamar don wurin aka yi ta, daidai ƙugun Auta, kamar ta farkon. Baba ya tura wani ɗan guntun katako a ƙarƙashin ƙafa ɗaya don ta daina rawa. Ya duba sakatar ƙofa, bai gamsu ba, ya ƙara mata ƙusa. Ya buɗe famfo ya rufe. Da ya rasa abin da zai ƙara dubawa, ya tsaya a taga yana kallon rufin kamfanin.

"Nan ne?"

"Nan ne, Baba."

"Kusa ne kam."

Ta so ta ce ta gode, ta ga kalmar ta yi kaɗan, amma wannan karon ba ta bar ta ta koma ciki ba. Ta faɗa, har Yaya da ke ƙasa ya ji ya ɗago murya ya ce shi fa da ya yi dakon, ba a gode masa ba.

Da za su tafi, Baba ya rataye igiyar a ƙusar nan ta bango.

"Ki ajiye. In littattafai sun cika ta, ki auna sauran wurin ki kira ni."

Ran Litinin ta isa kamfanin mai gadi bai gama buɗe ƙofa ba. Aka ba ta tebur kusa da taga, da jan biro, da tarin shafuka masu ɗumi. Da aka tashi aiki ta biya ta wurin mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin layi, ta sayi guda ɗaya mai kauri.