Gilashin da Ba Mai Riƙewa

Wata takwas ke nan matar mai hoto tana wajen autarsu a wani gari, ana fama da idonta. Likita bai ɓoye musu ba: hasken yana tafiya ne, kuma ba lallai ya kai ƙarshen shekara ba. Da ta kira mijin a waya, abu ɗaya ta roƙa. Tana son hoton tsakar gidansu gaba ɗaya, da bishiyar lemo, da igiyar shanya, da sararin sama a bayan katanga, tun tana iya gani.

Mai hoto ya ce wannan ai wasa ne. Shi da ya shekara talatin yana ɗaukar ɗaliban makaranta ɗari biyu a hoto guda!

Ya ɗauko idon kyamarar nan mai faɗi, wanda gilashinsa ya kumburo waje kamar gindin kwano. Shi kaɗai ne zai iya haɗiye tsakar gidan. Matsalarsa ɗaya, ba shi da bakin da ake murɗa filta a kai, wato baƙin gilashin da ke rage ƙarfin rana. In babu filta, sama takan fito fari fat. Duk shekarun nan matar ce ke tsayawa gefensa ta riƙe gilashin da yatsu biyu, tana mita wai ya mai da ita ƙusa. Bai taɓa tunanin neman wata dabara ba, don bai taɓa tunanin za ta yi nisa ba.

Ya gwada salatif, zafi ya narkar da shi. Ya gwada roba, gilashin ya karkace. Ya riƙe da hannunsa na hagu, sai ga babban yatsansa ya cinye rabin bishiyar. Ranar ya zauna kan kujerarta ya daɗe bai motsa ba, kewarta ta cika masa ƙirji.

Maƙwabcinsa mai gyaran famfo ne ya cece shi, bayan ya gama yi masa dariya son ransa. Ya yanko guntun bututun roba mai faɗi, ya liƙa soso a ciki don kada ya goge kyamarar, ya tsaga gefe inda gilashin zai zauna. Da farko kusurwoyin hoton sun yi baƙi, suka yi ta rage bututun da zarto kaɗan-kaɗan har ya washe. Abin ba kyan gani, amma ya kama ram.

Hoton ya fito yadda ake so. Sama shuɗi, lemo ya yi jawur, har tsagar katanga ana gani. Ya tura wa auta, ya zauna yana jiran yabo.

Bayan la'asar wayar ta shigo. Matar ta ce auta ta faɗaɗa mata hoton, ta bi shi lungu-lungu, ta ga ya bar tsintsiya a rana, ta ga bai gyara famfon ba. Sai ta tambaye shi:

"Baban yara, kai kana ina?"

Ya ce ai yana bayan kyamara, kamar kullum.

"Na sani. Na sa auta ta duba duk hotunan da na zo da su. Babu kai ko a ɗaya."



Washegari ya sa rigarsa mai kyau, ya kafa kyamarar kan ƙafafunta uku, ya saita ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma. Ya danna, ya ruga da gudun tsufa ya tsaya gefen kujerarta. Idon nan mai faɗi yana mai da mutum ƙarami, ya kuma san haka sarai. Sai ya yi ta matsowa gaba, taku bayan taku, har ya tare bishiyar da igiyar da rabin sama, don kada ta sha wahalar nemansa.