Ɗalibar da ke Jawo Kujera

Tun da Gwadabe ya kawo mahaifiyarsa asibiti daga Fassi, hankalinsa bai kwanta da Ramlat ba. Wai ɗalibar jinya ce, ana koya mata kula da waɗanda aka fid da rai da su. Amma mutum uku ta zauna wa a makon nan, tana jiƙa musu leɓe da auduga, duk ukun a lulluɓe aka fita da su. A garinsu, mayya ake kiran irinta.

Tana jawo kujera wajen tsohuwarsa, ya sha gabanta.

"Malama, nemi wani gadon."

Tsohuwar ta ɗaga hannu da ƙyar. "Ƙyale ta, Gwadabe. Duk cikinku ita kaɗai ce ba ta ce mini zan warke ba."