Rigar Wofa Agyekum

Ranar da dangin mijinta suka zo rabon kaya, Afrakoma ta zauna a bakin gado tana kallo ana fitar da kujeru da firji. Sai da ta ga Boatemaa, yayar marigayin, ta rungumo keken ɗinkinta ta nufi ƙofa, sannan ta miƙe.

"Sista Boatemaa, wannan kam nawa ne."

Wofa Agyekum, kawun mijin kuma babban dangin uwarsa, waɗanda su ke cin gado a al'adarsu, yana zaune a tsakar gida ya yafa baƙin zane, tumbinsa a kan cinya. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Wa ya saya?"

"Mijina ya saya mini."

"To ai kin faɗa da bakinki. Amankwa ɗan ƙanwata ne. Abin da hannunsa ya saya na gidanmu ne."

Keken ba irin na takawa da ƙafa ba ne. Fari ne, na lantarki, mara nauyi, a kan tebur ake ɗora shi. Amankwa ya sayo mata shi a shagunan Adum shekarar da idonta ya fara gajiya da aikin allura, don kawai ya ji mai shagon ya ce da kansa yake ɗinka ƙofar maɓalli. Ya shigo da shi a ka, yana dariya kamar yaro. Wannan keken Boatemaa ta saka a bayan tasi, ta kuma leƙo ta taga ta ce, "Kada ki damu, akumaa, matar ƙanena, zan kula da shi."

Afrakoma ta koma gidan uwarta a unguwar Asafo, ta kakkaɓe tsohon keken hannu, ta ci gaba da ɗinka kayan makaranta. Kowace ƙofar maɓalli da allura take yin ta, tana matso da yadin kusa da hancinta. Duk wadda ta gama sai ta tuna fuskar Boatemaa a tagar tasi.

Bayan damina tsohuwar gidan su Amankwa, Nana Pokuaa, ta rasu. Aka sa jana'iza ranar Asabar, addu'ar godiya a coci ranar Lahadi. Dangi suka zaɓi atamfa mai fari da baƙi ta ranar godiyar, Boatemaa kuwa ta ce kada wani namiji ya kai tasa wurin tela, ita za ta ɗinka rigunan duka, tunda yanzu tana da keken Turawa.

Ana sauran 'yan kwanaki, da hantsi, Afrakoma na tsugune tana fere rogo sai ta ji sallama. Boatemaa ce, da burodi a leda da gwangwanin madara.

"Akumaa! Kin ɓuya. Ko gaisuwa babu?"

"Ai ba ni da abin da zan kawo muku kuma, Sista. Kun gama ɗauka."

Boatemaa ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta zauna ba a ba ta kujera ba. Ta yi zancen makoki, ta yi na tsadar tumatir, ta yi na ciwon gwiwarta. Afrakoma ta bar ta tana ta kewaye-kewaye, ita kuwa tana fere rogonta. Can dai Boatemaa ta fito da abin da ya kawo ta.

"Keken nan naki, akwai abin da kika yi masa kafin a ɗauka?"

"Nawa? Na ji Wofa ya ce na gidanku ne."

"Ke dai bari. Ɗinki yana yi lafiya lau. Amma da na zo ƙofar maɓalli sai ya tsaya wuri ɗaya yana ta sara, zare ya dunƙule a ƙasa kamar gashin masara. Wani lokacin ya yi gefe ɗaya dogo, ɗayan guntu. Na ɓata gaban riga uku. Na kai wa mai gyara a kasuwar Kejetia, ya juya shi ya juya, ya ce shi na ƙafa ya sani." Ta rage murya. "Rigunan suna nan a jibge, har da ta Wofa. Don Allah, ko don Amankwa."

Da ta ambaci sunan, wuƙar ta tsaya a hannun Afrakoma. Ta so ta watsa mata ruwan rogon. Amma kuma tana son ta ga keken, tana kuma son ta ga Boatemaa a tsaye a kanta tana jiran abin da za ta ce. Ta wanke hannu ta ɗaura ɗankwali.

Ta sami keken a ɗakin Boatemaa a unguwar Bantama, kusa da taga, an ɗora masa kwanon gyaɗa a ka. Farin jikinsa ya yi dabbare-dabbare da manja. Afrakoma ta ɗauke kwanon ta ajiye a ƙasa da ƙarfi.

"Yaushe rabon ki buɗe ƙasansa?"

"Ana buɗewa?"

Ta kwance farantin da ke ƙarƙashin allura. Ƙurar yadi ta cushe tsakanin haƙoran da ke jan ɗinki har ta zama kamar auduga. Ta sa tsinke ta yi ta zaƙulowa tana tarawa a tafin hannun Boatemaa, da gangan. Ta zaro kwarkwaro ta ga an saka shi a juye. Ta shafa bakin allura da yatsa.

"Wannan allurar tun tawa ce. Da ita kika ɗinka rigunan nan duka? Ko ƙusa ta fi ta tsini."

"To sarauniyar teloli, a yi mana a hankali."

"Zauna ki yi ɗaya in gani."

Boatemaa ta zauna, ta saka ƙyalle a ƙarƙashin doguwar ƙafar nan ta roba da ake ɗaurawa don ƙofar maɓalli, ta taka abin kunna keken da ke ƙasa. Keken ya yi gurnani ya hau sara wuri ɗaya.

"Tsaya! Za ki kashe shi." Afrakoma ta miƙa hannu bayan allura ta janyo wani ɗan siririn hannu da ke ɓoye a sama, ta sauko da shi har ya tsaya a bayan ƙafar. "Wannan shi ke gaya masa inda zai juyo. In ba ki sauke shi ba, makaho ne. Kuma ki daina jan yadin da hannu, ba akuya ba ce. Ki bar shi ya tafi da kansa. In ya gama ɗaya, ki mayar da abin murɗawar nan farko kafin ki fara wata, in ba haka ba daga tsakiya zai kama. Wurin kwala kuma kaurin yadin yana ture hannun, shi ya sa gefe ɗaya ke yin guntu. Ki juya rigar ki faro daga ƙasa. Gam ɗin da ke ƙarfafa yadi fa? Kin liƙa a ciki?"

"Gam kuma? Asarar me zan yi?"

"To yadin zai tattare. Kawo dutsen guga."

Tana jiran dutsen ya yi zafi sai ta ɗaga riga ɗaya daga cikin tulin, ta ware ta. Ta san jikin mazan gidan nan, ta sha yi musu ɗinki lokacin Amankwa na da rai. Wannan ta Wofa ce, kuma an matse ta a ciki. Ta ɗaga wata, ita ma haka. A lungu ta hango ragowar atamfar an ninke an tura ƙarƙashin gado, mai yawa. Boatemaa ta yanka rigunan a tsuke don yadi ya rage mata.

A nan ne abin ya zo mata, gaba ɗaya, kamar wani ya raɗa mata a kunne.

"Ina maɓallan da za ki sa?"

Boatemaa ta miƙo leda. Ƙanana ne, baƙaƙe, masu santsi kamar an shafa musu mai. A bayan doguwar ƙafar akwai wurin da ake maƙala maɓalli ɗaya, da shi keken ke auna tsawon ƙofar. Afrakoma ta ce a ba ta ruwa ta sha. Kafin Boatemaa ta dawo, ta tona gwangwanin tarkacen da ke kan tebur ta samo wani baƙin maɓalli da ya fi waɗancan faɗi, ta maƙala shi a wurin. Ta san Boatemaa ba ta gani sosai, kuma ba ta sa tabarau don kada a ce ta tsufa.

Ta taka. Keken ya yi gaba, ya ɗaure, ya dawo da baya, ya ɗaure, ya tsaya da kansa. Ƙofa ta fito sumul, gefe da gefe daidai. Sautin ya taɓa mata zuciya har ta kau da kai. Ta tsaga tsakiyar da reza, ta miƙa wa Boatemaa ƙyallen da ƙaramin maɓalli.

"Gwada da hannunki."

Maɓallin ya shige ba gardama. Boatemaa ta yi tsalle ta tafa. "Ei! Kin ga ko turawa ban yi ba! Akumaa, Allah ya yi miki albarka."

"Kada ki taɓa wanda na maƙala a baya. In ya fita, komai ya lalace."

"Ni? Ko kallonsa ba zan yi ba."

Ranar Lahadi Afrakoma ta je coci da wuri, ta zauna a bakin layi inda za ta ga hanya. Mazan gidan suka shigo a jere cikin fari da baƙi, kowa ya ɗame ciki, Wofa a gaba. Boatemaa na bayansu tana gaya wa duk wadda ta kalla cewa aikinta ne. Da aka zauna, Afrakoma ta ga wani ɗan'uwan Amankwa ya dubi cikinsa ya mayar da maɓalli ɗaya a ɓoye. Ta gyara zama.

Bayan wa'azi fasto ya kira dangin mamaciya su fito su gode wa Allah. Ganguna suka tashi, mata suka ɗaga fararen hankici. Wofa Agyekum mutum ne mai son rawa, yana kuma son a gan shi yana yi. Ya taho a hankali yana karkaɗa kafaɗa, mai ɗaukar bidiyo yana ja da baya a gabansa. Da ya iso gaban kwanon baiko sai ya ɗaga hannu biyu sama ya juya.

Rigar ta buɗe tun daga ƙirji har ƙasa. Bai sa singileti ba, saboda zafi. Tumbin ya fito fili, da cibiya, da wata laya da ya ɗaura a ƙugu da jan zare, shi da yake dattijon coci.

Bai ma sani ba. Ya ci gaba da rawa har sai da ya ga matar fasto ta rufe baki da hankici. Ya duba ƙasa, ya cafke rigar da hannu biyu. Na bayansa ya sunkuya zai taimaka masa, tasa ta buɗe. Wani ya yi dariya, dariyar ta buɗe tasa. Kafin a kai ƙarshen waƙar rabin mazan gidan suna rawa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da gaban riga. Masu ganga suka ƙara wuta. Yara suka hau benci.

Afrakoma ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta bi layin mata, ta yi rawarta a natse, ta jefa baikonta, ta wuce ta gaban Wofa ta ɗan rusuna ta ce, "Wofa, sannu da hidima."

A harabar coci aka yi ta. Wofa ya yafa zanen matarsa, yana nuna Boatemaa da sanda. "Yadi nawa na ba ki? Ina sauran? Kin tsuke mu kamar tuwon dokunu a ganye, kin tsiraita ni a gaban Allah da jama'a!" Sauran mazan suka taso mata, matansu suka fi su zafi. Boatemaa ta waiga ta hango Afrakoma a gindin mangwaro tana shan ruwan leda, ta yo kanta.

"Ke ce! Mayya! Ke kika yi wa keken nan wani abu!"

"Ni na yanka rigunan?"

"Ke kika saita shi!"

"Na saita, kika gwada da hannunki, kika sa mini albarka. Ko ba a yi haka ba?" Ta juya wurin matan da suka taru. "Ku tambaye ta abin da ke ƙarƙashin gadonta."

Boatemaa ta dube ta, ta dubi matan. Ta san an yi mata wani abu, amma ba ta san mene ne ba, kuma babu mai sauraronta.

Keken bai dawo ba. Afrakoma ta ji labari a bakin wata mai sayar da kifi cewa Boatemaa ta kai shi kasuwa ta rabu da shi a fusace, wai akwai aljani a ciki. Ranar da ta ji, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, uwarta ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Da yamma matar Wofa ta zo, da rigar a ninke cikin jarida. Ta yi gaisuwa mai tsawo, sannan ta ce tsohon ya ƙi fita ko ƙofar gida, bidiyon ya zaga wayoyin unguwa, ga kuma taron dangi yana tafe da za a sake sa atamfar. Ko akwai abin da za a iya yi wa rigar?

Afrakoma ta ware ta, ta duba. Aikin ɗan lokaci ne, a cire ƙananan maɓallan a sa manya, a saki ɗinkin gefe. Ta ninke ta yadda aka kawo ta, ta mayar cikin jaridar.

"Anti, ki gaya masa ba ni da keken da zan yi wannan aikin."

Ta raka ta har bakin titi, ta tsayar mata da tasi.