Bindigar Luqman da tantabarun Harami

Bindigar da aka ƙwace wa Luqman ko ƙuda ba za ta iya kashewa ba. Haske kawai take fitarwa, wani ɗan jan ɗigo, in ya sauka daidai a kan allo sai fitila ta kama. Da ita ake bayatlon na bazara, wasan da mutum zai yi gudu har numfashinsa ya kusa ɗaukewa, sannan ya kwanta ya yi harbi. Luqman direban motar asibiti ne, haifaffen Makka, jikan Katsinawa. Tun da ya ga wasan a talabijin a 2014 ya ɗora wa kansa. Shekara biyu yana zagaye unguwarsu Ka'akiyya da gudu bayan Asuba, ya hau rufin gida ya yi saiti, 'yan unguwa na ce masa majanuni. Yanzu an karɓi sunansa a wata gasar masu koyo a Turai, saura kwana tara, kuma sharaɗinsu kowa ya zo da bindigarsa.

Sai Baba Mailafiya ya gan shi. Tsohon bai daɗe da tasowa daga unguwar Nakkasa ba, kuma ba shi da aikin da ya wuce watsa wa tantabaru hatsi. Ya ɗaga kai ya hango mutum kwance a rufi da bindiga, tantabaru na shawagi a sama. A Makka fa, inda ko firgita tsuntsu ba a yarda ba! Bai tambayi kowa ba, ya tare motar sintiri ya nuna musu gidan, suka rubuta sunansa a matsayin mai ƙara, suka hau suka ƙwace bindigar.

Abin haushin, a ofis ba wanda ya musa wa Luqman. Jami'in ya haska bindigar a tafin hannunsa, ya yi dariya, ya kira abokan aikinsa su ma suka haska. Amma takarda ta riga ta ce makami a cikin Harami, don haka sai ya kawo lasisi. Masu ba da lasisi suka tambaye shi girman harsashi.

"Ba ta da harsashi."

"To ba bindiga ba ce. Ba aikinmu ba ne."

Ya koma wurin na farko, aka ce to ya kawo shaidar cewa ba bindiga ba ce. Masu lasisi suka ce su ba sa rubuta shaida a kan abin da ba bindiga ba. Kwana biyar ana buga shi tsakanin tebur biyu kamar ƙwallo, kowa na yi masa murmushi yana cewa bukra, wato sai gobe. A rana ta shida jami'in ya tausaya masa.

"Kawo mai ƙarar da iƙamarsa, ya sa hannu ya janye. Khalas, ka ɗauki kayanka."

Luqman ya sami tsohon a ƙofar masallaci, ya zazzage masa duk abin da ke cikinsa.

"Ya ammi, tantabara nawa ka ga ta faɗo? Ɗaya ma? Ba ka da bakin tambaya ne?"

Kunya ta rufe Baba Mailafiya. Ya shiga ɗaki ya sako farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya zo ya shiga mota.

Sai da suka tsaya a ƙofar ofishin ya zaro iƙamar, wato katin izinin zama, a naɗe cikin leda. Luqman ya karɓa don ya duba ko sunan ya yi daidai. Ya duba kwanan wata, ya sake dubawa. Shekara goma sha ɗaya da ƙarewarta.

"Kafilina da ya tsaya mini ya rasu, ban sami wani ba," in ji tsohon.

"Ka san in ka miƙa wannan a ciki ba za ka kwana gida ba? Jirgi za a sa ka."

"Na sani, ɗana. Ni na ɓata, ni zan gyara. Wa nake da shi a Sakkwato yanzu, ban sani ba, amma Allah na can ma."

Ya kama marfin ƙofa zai fita. Luqman ya danna makulli, ƙofofin suka rufe ƙaraf. Ransa ya ɓaci ƙwarai, fiye da duk kwanakin nan. Ga bindigarsa can bayan bango ɗaya, kowa ya yarda tasa ce, kowa ya yarda ba ta cutar da komai, amma sai an sadaukar da tsoho kafin a miƙo ta. Ya daki sitiyari har hon ya yi ƙara, mai gadi ya waiwayo.

"Buɗe mini, ya waladi. Gasarka fa?"

"Wallahi ban yafe maka ba, ya ammi," Luqman ya ce, yana juya kan motar. "Mayar da katin nan aljihu kada wani ya gani."