Cikon Ɗari Uku a Unguwar Abarshi

Sharaɗin ƙungiyarmu ɗaya ne: ƙauyen da ya kai mutum ɗari uku za a haƙa masa rijiyar burtsatse. Ni aka tura Unguwar Abarshi, can bayan Samaru, inda mata ke tafiyar awa guda kafin su kai rafi. Kwana biyu ina bi gida-gida ina ƙirga mutane. Damina ce, maza duk suna gona, don haka mata na riƙa tambaya. Da na haɗa, ɗari biyu da tamanin da ɗaya na samu. Ga shi ranar Juma'a zan miƙa takarda a ofishinmu na Sabon Gari.

Na sami mai unguwa, Baba Abarshi, a gindin ɗorawa, na durƙusa na gaya masa.

"Saura nawa, 'yata?"

"Goma sha tara, Baba."

"To rubuta shanun huɗata. Su ma ruwan suke sha. Babbansu sunansa Dogo."

"Baba, za a zo a duba."

"Sai mu sa masa hula."

Wata tsohuwa, Mama Susanna, tana ɓarar gyaɗa a gefe. Ba ta ɗago ba ta ce in karanto mata takardar.

"Gidan Aaron, 'ya'ya huɗu."

"Biyar."

"Gidan Uba, uku."

"Huɗu. Ke, wa kika tambaya?"

"Iyayensu mata."

Ta yi dariya har gyaɗa ta zube. "Duk bokon nan naki ba a koya muku ba? Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ƙirga ɗanta na fari? Ta faɗi sunansa kuma, a gaban baƙuwa?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Ni ma 'yar fari ce, kuma har yau Innata "ke" take ce mini.

Washegari Mama Susanna ta ja ni muka sake zagaye. Wannan karon maƙwabciya muke tambaya. Matan sun ji daɗin abin, kowace tana leƙowa ta kan danga tana tona ta kusa da ita, mai ɗan kuwa ta shige ɗaki tana zaginmu ƙasa-ƙasa. Mama ce kan gaba wajen tsokana. Da muka gama na haɗa sau uku. Ɗari biyu da casa'in da tara.

Muka koma gidanta in sha ruwa, Baba Abarshi na biye da mu yana sake tuna mini da Dogo. A tsakar gida wani mutum mai furfura a gemu yana gyaran babur. Na duba takarda. Gidan Susanna, mutum shida, kuma duk shidan na gan su tun ranar farko.

"Mama, wancan fa?"

"Wane?"

"Mai gyaran babur."

Ta juya baya ta hau gyara murhun da babu wuta a cikinsa. "Oho. Wani ne dai, yana cin tuwo a nan."

Mutumin ya goge hannu da tsumma. "Shekara arba'in da biyu ke nan ina cin tuwon, Malama, tun da ta yaye ni. Rubuta Nehemiah."

Na rubuta. Ɗari uku cif.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Mama Susanna, tana hura toka.

Baba Abarshi ya yi ajiyar zuciya. "Wa zai gaya wa Dogo an fasa?"