Rabin Maki

Shekara ashirin da biyu malamin kimiyya ya yi yana koyar da sararin samaniya da lemo ɗaya da tocila. Lemon ne duniya, tocilar ce rana, in batir ya yi sanyi sai ya ce wa ɗalibai ga husufi nan. Su suka sa masa suna Falaki. Abokan aiki suka ɗauka, har matarsa ma takan kira shi haka in ranta ya ɓaci.

Shi ya rubuta takardar neman gurbin. Akwai wani sansani a ƙasar waje inda ake tara 'yan makaranta na mako biyu, a sa musu kayan 'yan sama jannati, a juya su cikin na'ura har sai sun yi amai, a nuna musu taurari ta madubi mai girman ɗaki. Sau huɗu ya rubuta, sau uku ko amsa ba a yi masa ba. A na huɗun wasiƙa ta zo: an ba makarantar gurbin ɗalibai shida, komai kyauta. Shugaban makaranta ya karanta ta a taron safe, ya gode wa kowa tun daga hukuma har mai gadi, ya manta da mutum ɗaya.

A ƙasan wasiƙar akwai sharaɗi. In ɗaliban shida duk jinsi ɗaya ne, ɗan rakiya ɗaya zai bi su, shi ma daga jinsin nan. In gauraye ne, malami namiji da malama mace. Falaki ya karanta bai damu ba, don maza sun fi yawa a ajin. Ya je ya yi fasfo, karon farko a rayuwarsa. Matarsa ta samo masa kwat mai kauri wajen 'yan gwanjo, ta wanke, ta rataye a bayan ƙofar ɗaki.

Da jarrabawa za a zaɓi shidan, kuma kowa ya san yadda Falaki yake gyaran jarrabawa. Ɗalibi zai rubuta sunansa a kusurwar takarda, ya ninke, a danne da ƙusar takarda. Sai ya gama bai wa kowa maki sannan yake ɓalle ƙusoshin. Daga lokacin da ya ga suna, jan bironsa ba ya sake taɓa takardar. Shekara tara da suka wuce ɗan shugaban makaranta da kansa ya faɗi da maki ɗaya, aka yi rarrashi, aka yi barazana, Falaki ya ce ya riga ya buɗe. Tun daga nan ba a sake saya wa ɗakin gwaje-gwaje ko kwalba ba.

A ɗakin nan ya zauna ranar Alhamis bayan an tashi, tsakanin famfon da ba ya zuba da ƙwarangwal ɗin roba mai hannu ɗaya. Ya jera takardun daga mafi maki, ya fara ɓallewa. Ta farko mace. Ta biyu mace. Da ya kai ta biyar, duk mata, sai ya ajiye, ya goge tabarau. Ta shida 'yar mai gyaran agogo ce, yarinya marar magana da take zama a gaba, maki saba'in da ɗaya. Na bakwai namiji ne, wani mai surutu da ake kira Zaƙi, saba'in da rabi.

Bai taɓa biro ba. Karantawa kawai ya yi, ai dokar ba ta hana karatu ba. Tambaya ta tara maki uku gare ta: me ya hana wata faɗowa ƙasa? Yarinyar ta kawo abin da ke littafi, kalma da kalma, ta sami ukunta. Zaƙi layi biyu ya rubuta: "Ba abin da ya hana shi. Faɗowa yake yi kullum, sai dai yana gudu gefe da sauri, shi ya sa yake kuskuren ƙasar." A gefe ga jan rubutun Falaki: maki ɗaya, da "ba wasa muka zo yi ba."

Ya sake karantawa. A duk tarin takardun nan arba'in da uku, wannan ce kaɗai amsar mutumin da ya gane abin. Ita ce wadda shi kansa bai gane ba sai a shekararsa ta biyu a jami'a. Ranar gyara ya gan ta a matsayin rashin kunya, don takarda ta talatin da wani abu ce, kansa na ciwo, kuma ba ta yi kama da littafi ba.

Da ya koma gida matarsa tana tsince shinkafa a faranti. Ya ba ta labari yana tsaye, jaka a hannu.

"To yaron ya ci ko bai ci ba?" ta tambaya.

"Ya ci."

"Ka ba shi makinsa mana."

"In na ba shi, ni ma na tafi."

"Wannan kuma laifi ne?"

"Ban sani ba ko don ya ci nake ganin ya ci, ko don kwat ɗin can."

"Falaki, kai fa ko Allah ya ba ka nama sai ka tambayi wanda ya yanka." Ta hure ƙaiƙayi. "Yarinyar fa?"

"Ta sauka ta bakwai."

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Ni dai na wanke kwat."

Washegari ya kai wa shugaban makaranta takardun biyu, ya ce yana neman wani malami ya duba tambaya ta tara, wanda ba shi da rabo a tafiyar. Shugaban ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, ba amsar ba, ramukan da ƙusar ta bari a kusurwa.

"Malam, wannan ai an buɗe ta."

"An buɗe, ranka ya daɗe. Amma kuskuren nawa ne."

"Ikon Allah. Ashe kana kuskure." Ya jingina da kujera, fuskarsa ta yi haske kamar wanda aka yi wa albishir. "Lokacin yarona ma na ce a ba wani ya duba. Ka tuna abin da ka ce min? Ka ce in aka buɗe ƙofar nan sau ɗaya, ba mai rufe ta. Magana ce mai kyau, har rubuta ta na yi." Ya turo takardun. "Amma biro na hannunka. Ni ban ga komai ba. Ka gyara, ka kawo min suna shida, in sa hannu yanzu."

Da gaske yake, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Ba hana shi zai yi ba. So yake ya zauna ya kalla.

Falaki ya koma ɗakin gwaje-gwaje. Ya cire murfin jan biron, ya riƙe shi a kan tambaya ta tara har aka kaɗa ƙararrawar ƙarfe tara. Sannan ya mayar da murfin, ya kwafe sunaye shida yadda suka zo, ya manna a allon sanarwa.

Malamar tarihi aka ba rakiya, don ita kaɗai ce cikin mata take da fasfo. Tsoron jirgi take yi, ta kuma tambaye shi ko akwai kasuwa kusa da sansanin. Ranar tafiya ya zo ya taya loda jakunkuna a bas. 'Yar mai gyaran agogo ta zo da mahaifinta, dattijon ya kama hannun Falaki da hannu biyu, ya ce kowa ya san a wajensa ba a cuta. Falaki ya ce Allah ya kiyaye hanya. Matarsa ta aiko da kwat ɗin a ba malamar aro, ya yi mata yawa a kafaɗa.

Ranar Litinin ya raba wa sauran ajin takardunsu. Da aka fita Zaƙi ya tsaya, takarda a hannu, yau babu surutun.

"Malam, ta taran nan. Na duba wani littafi a laburare."

"Amsarka daidai ce."

Yaron ya zo da shirin musu, sai ya rasa inda zai sa shi. "To maki nawa ne nawa?"

"Uku."

Ya ga leɓunan yaron suna lissafi. Ba lissafi ne mai wuya ba.

"Yaushe ka gane, malam?"

"Kafin a manna sunaye."

"Kuma ba ka gyara ba."

"Na riga na buɗe." Ya so ya ƙara cewa shi ma ya rasa tafiyar, amma ya ga wannan ba zai kai yaron ko'ina ba.

Zaƙi ya dubi takardar, ya dube shi. Bai yi rashin kunya ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ninke kusurwar da sunansa yake, daidai kan tsohon layin, ya ajiye a teburin.

"Ga ta a rufe, malam," ya ce, ya fita.

Falaki ya sa takardar a aljihun tebur, kan fasfon. Aji na gaba sun fara shigowa, suna jan kujeru. Ya ɗauko lemon, ya gwada tocilar a tafin hannu, ya ce a buɗe shafi na hamsin da shida.